Sabunta Labarin Jarumai: Ina Haƙƙin Mai Labari?

Ran Alhamis da ta wuce da la'asar, muna komowa daga duba makarantu, muka tsaya a Ƙofar Ɗan Agundi muna jiran mota. Nan gindin ganuwa muka tarad da waɗansu samari biyar 'yan makarantar sakandare, sun kewaye wayar hannu guda, gardama ta yi zafi har da ta da jijiyar wuya. Mu dai mun zaci zancen ƙwallo ne. Da muka kasa kunne, ashe a kan wani jarumi ne na littattafan zane na Amurka, wai shi Superman. Ɗaya ya ce kamfanin da ke buga labarin ya ci amanar masu karatu, domin ya share tarihin jarumin ya kawo sabo. Wani ya ce in ba a sake ba, yaro kamarsa ta ina zai kama labarin da aka fara tun kakansa bai yi wayo ba? Muka saurara har suka gaji, sa'an nan muka tambaye su ko akwai wanda ya karanta Ganɗoki a cikinsu. Biyu sun taɓa jin sunan, amma ko ɗaya ba wanda ya karanta.

Tun daga ran nan muke ta juya maganar a rai, har muka ga ya kamata mu kawo ta gaban malaman makaranta da akawunan ofisoshi masu karanta jaridar nan. Gama gardamar yaran nan ba ta banza ba ce, kuma ba da daɗewa ba za ta iso kan namu littattafai.

Ga yadda abin yake. A Amurka akwai kamfanonin ɗab'i masu buga ƙananan littattafai wata-wata, labari cikin zane-zane, magana kaɗan hoto da yawa. Jarumansu sadaukai ne, mafi yawansu masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam. Superman ya fara fita a 1938, Batman ya biyo baya a 1939, dukansu na kamfanin da yanzu ake kira DC Comics. Jarumin ba ya tsufa, labarin ba ya ƙarewa. In marubuci ya gaji ko ya mutu, sai a ɗauko wani ya ɗora. Da shekaru suka yi yawa labarin ya sarƙe, abin da wannan ya ƙulla wancan ya warware, sabon mai karatu ya rasa bakin zaren, ciniki kuwa ya ja da baya. Sai kamfanin ya fito da dabara biyu. Ta fari, a share abin da ya wuce a sake labarin daga tushe. Ta biyu, a ɗauki shahararren labari wanda ya riga ya ƙare a ƙago masa share fage, watau abin da wai ya sami jaruman kafin littafin asali ya soma.

Dabarar fari an yi ta a 1985 zuwa 1986, aka kuma maimaita ta a watan Satumba na 2011, lokacin da kamfanin ya tsai da littattafan jarumansa duka ya fito da sababbi 52, kowanne ya fara daga lamba ta ɗaya. Mujallar Action Comics, wadda Superman ya fara fita a cikinta, ta riga ta kai lamba 904, ita ma aka mai da ita lamba ta ɗaya. Auren jarumin da Lois Lane, wanda aka ɗaura cikin labarin tun 1996, aka wayi gari wai bai taɓa aukuwa ba. Da fari ciniki ya yi kyau ƙwarai, amma tsofaffin masu karatu suka yi ta ƙorafi, kasuwar kuma ta lafa. A 2016 kamfanin ya yi amai ya lashe, ya mai da lissafin mujallar kan lamba 957, ya komo da abubuwa da dama da ya zubar, har ta kai lamba 1000 a 2018.

Dabara ta biyu ita ta fi ta da ƙura. A 1986 zuwa 1987 waɗansu mutanen Ingila biyu, Alan Moore marubuci da Dave Gibbons mai zane, suka yi wa kamfanin wani labari mai suna Watchmen, kashi 12, mai farko da tsakiya da ƙarshe. Yarjejeniyarsu ta ce in an daina buga littafin, mallakarsa ta koma hannun su biyun. Littafin ya karɓu, kamfanin bai taɓa daina buga shi ba, mallaka kuwa ba ta koma ba. A 2012 kamfanin ya sa waɗansu marubuta suka rubuta share fagensa, aka kira shi Before Watchmen. Gibbons ya yi wa aikin fatan alheri a taƙaice. Moore kuwa ya fito fili ya ce bai yarda ba, kuɗi ba su dame shi ba, abin da yake so kurum kada a yi. Aka yi. Masu karatu suka rabu biyu, waɗansu suka saya, waɗansu suka rantse ba za su taɓa shi ba.

To, adalci ya sa mu ji ta bakin masu goyon bayan kamfani, domin hujjarsu tana da ƙarfi. Suna cewa ba marubucin da ya fara daga iska. Moore da kansa ya gina jaruman Watchmen ne a kan na wani tsohon kamfani mai suna Charlton, waɗanda DC ta saya a 1983. Mu ma nan gida mun san haka. Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo labarun Magana Jari Ce da dama daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Malam Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951, asalinsa labarin wani sadaukin Rasha ne, Sarki Waldima na birnin Kib kuwa shi ne Vladimir na Kiev. Ga kuma Gizo da Ƙoƙi: kowace kaka tana sake labarinsu kowane dare yadda ta ga dama, ba wanda ya taɓa kai ta ƙara gaban alƙali. In an hana taɓa tsohon labari, ai da adabi ya daɗe da mutuwa.

Wannan duka gaskiya ne, amma fa akwai bambanci, kuma a nan ne muke ganin yaran Ɗan Agundi ba su kai ga gindin maganar ba. Tatsuniyar Gizo ba ta da mai ita, ba kuwa wanda ke karɓar kuɗinta. Imam da Ingawa da suka yi aro, sun sāke sunaye, sun sa wa labari rigar Hausa, sun fito da shi bisa ƙafarsa da sunansu a bango. In ya yi daɗi nasu ne, in ya lalace nasu ne, asalin kuma yana can ba wanda ya taɓa shi. Mai share fage kuwa sunan littafin wani yake sayarwa. Yana shiga ɗakin da mai gida ya kulle da gangan, ya cika giɓin da marubuci ya bari domin mai karatu ya yi tunani, sa'an nan ya ce wa jama'a wannan ma daga cikin labarin ne. In mai gidan yana raye yana cewa a'a, to ko doka ta halatta, mutunci bai halatta ba.

Akwai kuma zancen gumi. Samari biyu na birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, su ne suka ƙago Superman, suka sayar da shi a 1938 a kan dala 130. Da suka kai ƙara a 1947 suna neman mallakarsa ba su samu ba, aka kuma cire sunayensu daga littattafan. Sai a 1975, bayan sun tsufa cikin rashi kuma abin ya zama abin kunya a jaridu, aka yanka wa kowannensu dala 20,000 a shekara, aka yarda a mai da sunayensu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wanda zai yi gardamar sabunta labari ya bar wannan a baya, lalle ya bar rabin maganar.

Me ya kawo mu cikin rigimar Amurkawa? Abin da ya kawo mu shi ne mu ma muna da jarumai. Gasar da Dokta Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya a 1933 ta ba mu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo. Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare, waɗanda suka kara da Turawa suka kara da aljannu, me Superman zai nuna musu? Malam Zurƙe ɗan Muhamman kuwa, wane mai zane ne ba zai so ya zana shi ba? Yau samarinmu sun iya zane a kwamfuta da wayar hannu, masu shirya finafinai suna nan cikin Kano suna neman labari. Ba shakka wata rana wani zai ce bari ya ba mu ƙuruciyar Ganɗoki, ko ya sake Ruwan Bagaja daga tushe da motoci da bindigogi. Mu ba mu ƙi ba, muna ma marhabin da shi, gama littafin da ba mai taɓa shi gara ce ke cinye shi. Amma gwamma a shata iyaka tun ba a fara ba.

Mun ma taɓa yin irin wannan aiki ta hanyar da ta dace. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da Shaihu Umar wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, ba a ɓoye sunan Tafawa Ɓalewa ba, ba a kuma ce littafinsa ya tashi daga aiki ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar mawallafinsa. Bello Kagara ya rasu a 1971, Abubakar Imam a 1981. Kowa ya yi lissafi ya gani, littattafan nan ba kayan tsintuwa ba ne.

Saboda haka ga sharuɗɗa uku da muke ganin sun wajaba. Na fari, tsohon littafi ya zauna yadda mai shi ya bar shi, a ci gaba da buga shi, ana samunsa a kanti da makaranta. Mutanen Kano sun san dalili. Ƙofar Na'isa, maƙwabciyar Ɗan Agundi, an rushe ta a 2010 domin faɗaɗa hanya, aka gina sabuwa. Motoci sun sami sarari, amma yaron da aka haifa bayan nan ba shi da abin da zai gwada sabuwar da shi sai hoto. Gini kan tilasta haka wani lokaci, domin fili ɗaya ne. Littafi kuwa ba shi da wannan uzuri, sabo da tsoho suna iya zama a kanta guda. Na biyu, a nemi izinin mai littafi ko magadansa, a ba su rabonsu a rubuce, kada a bar shi a kan alkawarin baka. Na uku, sabon marubuci ya sa sunansa a fili, ya faɗa wa mai saye cewa wannan ƙagensa ne a kan littafin wane, don kada yaro ya tashi yana jingina wa Malam Bello Kagara abin da bai rubuta ba.

Saura aikinmu, mu malamai. Yaran da za su iya tsayawa gindin ganuwa su yi awa guda suna gardama a kan wane labari ne na asali, wane ne na jabu, ba za a ce da su ba sa son karatu ba. Laifinmu ne da ba mu sa Ganɗoki a hannunsu ba. Muna roƙon kowane malamin Hausa ya gwada wannan a zangon karatu mai zuwa: aji ya karanta littafin tukuna daga farko har ƙarshe, sa'an nan kowane yaro ya rubuta ko ya zana abin da yake tsammani ya sami Ganɗoki yana yaro, ya rubuta sunan mawallafi a sama, nasa a ƙasa. Daga nan a ce ya ƙago nasa jarumi wanda ba na kowa ba, ɗan unguwarsu, mai sunan Hausa. Akawunan da ke tsara kuɗin sayen littattafan makarantu kuwa, su tuna da waɗannan tsofaffin littattafai in an zo lissafi. Ajin da ke da kwafi ɗaya tak ba zai iya wannan aiki ba.

Mun yi wa yaran nan biyar alkawarin kwafin Ganɗoki, za mu kuwa kai musu ran Alhamis mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar magabata, amin.