Sanyin Kaduna baƙo ne: ku karanta kafin ku sayi dashen tuffa

1/
Jama'a, hunturu ya kusa, masu tallar dashe sun fara cika mana waya. Bidiyon tuffa ja-wur a kan bishiya, sitiroberi cike da faranti, a ƙasa an rubuta "shuka a gidanka ka zama miloniya". Ni ɗan Rafin Guza ne, a bakin lambu na tashi, kuma ina da magana a kan wannan. Zaren yana da tsawo, ku gyara zama.

2/
Ra'ayina a taƙaice: sitiroberi zai yi a Kaduna idan an bi lokacinsa. Inabi yana yi, har ana cin kasuwarsa. Tuffa kuwa, wanda ya ce ka zuba jarinka a gonarta a cikin garin nan, ko dai bai sani ba, ko kuma shi ne mai sayar da dashen.

3/
Kada wani ya ce ina ƙyamar baƙon iri. Tumatir, barkono, masara, rogo, gyaɗa, duk daga nahiyar Amurka suka zo. Mangwaro daga yankin Indiya. Darbejiyar da muke fakewa a inuwarta ma sai a 1928 aka kawo ta Borno. Rabin abin da ke tukunyarmu baƙo ne da ya samu wurin zama. Abin tambaya kawai: me shukar ke buƙata, kuma muna da shi?

4/
Mu fara da ƙasar kanta. Kaduna tana kan tudu mai kimanin mita 600 daga doron teku. Jos tana kusan mita 1,200. Mambila ta haura 1,500. Duk hawan mita 1,000, zafi yana raguwa da kusan digiri 6. Ke nan Jos ta fi mu sanyi da wajen digiri 4, dare da rana, shekara gaba ɗaya.

Digiri 4 kamar ba komai ba ne a wurin mutum, rigar sanyi ce kawai. A wurin shuka shi ne bambancin fure ya kama ko ya zube.

5/
Shi ya sa dankalin Turawa ya yi gida a Bokkos da Mangu, sitiroberi ya yi suna a Chaha da ke wajen Vom, ganyen shayi kuma yake Kakara a kan Mambila. Ba wai mutanen can sun fi mu ƙwazo ba ne. Su sanyinsu ɗan gida ne. Namu baƙo ne: ya iso a Nuwamba, ya yi ƙarfi a Disamba da Janairu, kafin ƙarshen Fabrairu ya naɗe tabarmarsa. Daga Maris zuwa Afrilu rana tana kai digiri 35 har ta wuce.

6/
To, tuffa. Bishiyar tuffa sai ta yi barci kafin ta yi fure. Tana zubar da ganye, ta kwanta, tana ƙirga awannin da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Irin da aka saba nomawa a Turai da Amurka suna son awa 800 zuwa 1,000, wasu ma fiye. Akwai masu ƙaramar buƙata, kamar Anna da aka samar a Isra'ila da Dorsett Golden, su awa 200 zuwa 300 ta ishe su.

7/
Yanzu ku tambayi kanku: yaushe rabon da ma'aunin zafi ya nuna digiri 7 a Kawo? Daren da muke cewa "yau sanyi zai kashe mu", muna ƙin wanka, muna zagaye mai shayi, yawanci digiri 13 zuwa 15 ne. A lissafin tuffa, awanninmu kusan sifili ne.

8/
Na san za a turo min hoton wata bishiya a wani gida a Malali da ƙwaya biyar a jikinta. Na yarda, yana faruwa. A ƙasashe masu zafi irin Indonesiya ana tsige ganyen tuffa da hannu, a lanƙwasa rassan, a yaudare ta ta ɗauka sanyi ya wuce, sai ta yi fure. Amma su ma a kan tsaunuka suke yi, kuma aikin gwanaye ne. Ƙwaya biyar a tsakar gida sha'awa ce, Allah ya sa albarka. Gona mai bishiya 200 da bashin da aka ci a kanta wani zance ne daban.

9/
Ƙari a kan haka, wanda ya ce ka shuka ƙwallon tuffar da ka saya a kasuwa ya ɓata maka shekaru. Ƙwallon tuffa ba ya maimaita uwarsa, sai an yi wa dashe aure kamar yadda ake yi wa mangwaro da lemo. Kuma yawancin wadda ke kan tiren masu talla shigo da ita ake yi, musamman daga Afirka ta Kudu, inda suke da sanyin gaske a Yuni da Yuli.

Shi kuma "irin sitiroberi shuɗi" da "fure mai launi bakwai" da ake tallar ƙwayarsu a intanet, hoto ne aka yi wa fenti. Kada ku tura ko sisi.

10/
Sitiroberi kuwa labarinsa daban, kuma nan ne nake so mu daɗe. Shi ba bishiya ba ne, ba ya jiran shekaru. Yana jin daɗi tsakanin digiri 15 da 26, yana son gajeriyar rana da dare mai sanyi kafin ya yi fure. Wato daidai abin da hunturunmu ke bayarwa, na 'yan makonni.

11/
Hujjata ba Jos ba ce, Wagadugu ce. Babban birnin Burkina Faso yana ƙasa da Kaduna a tudu, kuma ya fi Kaduna zafi. Amma tun shekarun 1970 masu lambu a unguwar Bulmiyugu suke noman sitiroberi a bakin ruwa lokacin sanyi, suna tsinka daga Janairu zuwa wajen Afrilu, har ana kai shi ƙasashen maƙwabta. Da fangali da butar ban ruwa, ba da wata na'ura ba. Idan ya yi a can, babu dalilin da zai hana shi yi a fadamar Rafin Guza.

12/
Sai dai sharaɗinsa lokaci ne. Ruwa ya ɗauke a Oktoba, kogi ya ja baya, ka dasa a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Fure ya biyo baya cikin 'yan makonni, daga fure zuwa nuna kuma kusan wata ɗaya. Ka ga Janairu da Fabrairu kana tsinka. Wanda ya ga bidiyo a Janairu, ransa ya biya, ya yi odar dashe daga Jos ya dasa a Fabrairu, ya kai shukarsa bakin bazara ne kawai. Ganye zai gani, ganyen ma ya ƙone.

13/
Abubuwan da masu talla ba sa faɗa:

Da yaɗo ake dasa shi, 'ya'yan da uwar ke miƙawa, ba da ƙwaya ba. Idan ka binne zuciyar shukar ta ruɓe, idan ka bar saiwa a waje ta bushe. Ba ya son ruwa ya kwanta masa, don haka kunya mai tudu ta fi fangali mai zurfi a ƙasa mai laka. Sai ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa a gindi, don kada 'ya'yan su taɓa ƙasa, ƙasar kuma ta riƙe laima. Ƙurar hazo tana jawo jan gizo-gizon nan ƙanana da ke maƙale a bayan ganye. Tsuntsaye ma suna jiran rabonsu.

14/
Babban aikin ma ba noman ba ne, raya irin ne daga Afrilu zuwa Oktoba. Zafin bazara, sannan ruwan Agusta da cutar ganye. Ko ka kwashe uwayen ka kai su inuwa, wuri mai tudu da ambaliya ba ta kaiwa, ko kuma ka sa a lissafinka cewa duk shekara sabon dashe za ka saya. Mu da ke Rafin Guza mun san abin da kogin nan ke yi a Agusta da Satumba. Duk abin da ka bari a fadama, kyauta ka ba shi.

15/
Sannan kasuwa. Sitiroberi ba albasa ba ne da za ka zuba a rumfa ka jira farashi. Kwana biyu ko uku babu firiji, ya zama ruwa. Kafin ka dasa ko guda, ka san wa zai saya: masu kek, masu haɗa yogot da lemon 'ya'yan itace, otal, manyan shaguna. A Bakin Dogo kwandon tumatir ake ciniki, ba ƙaramar roba ba. Amfanin da muke da shi a kan Jos ɗaya ne: namu za a tsinka da asuba a ci da hantsi, bai sha jijjigar mota ba.

16/
Wata magana da ba a son ji: ruwa. Sitiroberi da latas ɗanye ake cin su. Wanda ya jona injinsa a kwatar da ke fitowa daga unguwa ya yi ban ruwa da ita, ciwon ciki da taifot yake sayarwa a roba mai kyau. Rijiyar fadama ko ruwa mai gudu mai tsafta, kuma a gindi, ba a kan 'ya'yan ba. Wannan bai shafi sabon shiga kaɗai ba, har da wasu dattawanmu, da girmamawa nake faɗa.

17/
Inabi fa? Ku je Kudan, ku je Hunkuyi, ku gani da idonku. An mayar da shi sana'a a can. Dalili shi ne inabin da ake nomawa a ƙasashe masu zafi ba sanyi yake jira ba, aski yake jira. A datse rassa a lokacin da ya dace, ya tofo, ya yi fure, ya nuna cikin rani lokacin da babu ruwan sama da zai kawo masa cuta. Nashik a Indiya, cibiyar inabin ƙasar, tudunta kusan ɗaya da na Kaduna, kuma sau biyu suke askin a shekara, Afrilu da Oktoba.

18/
Amma inabi na mai haƙuri ne da mai jari: turaku, waya, rumfa, ruwan da ba ya yankewa, feshi a damina, da jiran shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ka ga nonon farko. Kuma ba shukar da za a kai inda kogi ke malalowa ba ce. Idan da gaske kake, ka je ka yi wa mai gona aiki na kaka ɗaya tukuna.

19/
Sai batun rumfar leda. Kuna kallon bidiyon Ingila da Holan, kuna ganin komai a cikin gilashi. Su matsalarsu ƙanƙara ce, suna gina ɗakin ne don ya tara zafi. Kai ka ɗauko wannan ka kafa a Kaduna, a Maris ya zama tanderu, ka gasa shukarka da kuɗinka. Mu abin da ke mana amfani ragar inuwa ce, rufi mai tsayi, gefe a buɗe iska na wucewa, da shingen zana ko karan dawa ta gabas da arewa don tare iskar hunturu. Kalandarsu ma a juye take: lokacin da suke rufe lambu, lokacin muke buɗe namu.

20/
'Yan uwa mata masu furannin ɗaki, ku ma ga naku. Masu faɗin ganyen nan da ake kawowa daga Legas da Fatakwal 'yan kurmi ne. Idan bakin ganyensu ya fara ƙonewa a Disamba, yawanci ba sanyi ba ne, bushewar iska ce. Ƙara musu ruwa a tukunya sai ya ruɓar da saiwa. A tara su wuri ɗaya, nesa da taga mai iska, a goge ƙurar ganyen, a ajiye faranti da tsakuwa da ruwa a ƙarƙashinsu. Taki kuma a bari sai damina ta kusa.

21/
Za a ce ina kashe wa matasa gwiwa. Ni abin da na ga yana kashe gwiwa shi ne mutum ya tara kuɗin bautar ƙasa, ko ya sayar da waya, ya sayi dashe 50 na abin da ba zai taɓa biyansa ba, bayan shekara uku ya ce noma ƙarya ne. Alhali a gefensa ga dattijo yana fitar da latas, kabeji, karas, koren wake da kokwamba duk hunturu, waɗanda su ma 'yan ƙasar sanyi ne akasarinsu. Bai taɓa jin kalmar "awannin sanyi" ba, amma ya san latas ɗin da ya kai Maris zai yi tsiri ya yi ɗaci. Ilimin ɗaya ne.

22/
Abin da ya rage na hukuma ne. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR tana Samaru tun 1922, NAERLS na kusa da ita, hukumar KADA tana cikin garin nan. Fili kaɗan ake buƙata a fadamar Kaduna a gwada irin sitiroberi uku ko huɗu, a dasa a ranaku daban-daban, a fito da sakamakon da Hausa a faɗa mana wanne ya jure. Yanzu kowane matashi da aljihunsa yake yin wannan gwajin, kuma wanda ya faɗi ba ya ɗora bidiyo.

23/
Mai son gwadawa bana: gindi 30 zuwa 50 ya isa, a buhu ko a kunya ɗaya, sauran filin ka sa latas da karas su riƙe maka kuɗin mai. Ka sayi ƙaramin ma'aunin zafi ka rataye a lambun, ka riƙa rubuta na asuba da na azahar, da ranar dashe, ranar furen farko, ranar tsinkar ƙarshe.

Idan mai dashe ya kasa faɗa maka sunan irin da yake sayarwa da inda aka rene shi, ka riƙe kuɗinka. Waɗanda suka gwada a Kaduna, Zariya ko Kano, ku ajiye mana watan da kuka dasa da abin da kuka samu a ƙasan zaren nan, har da waɗanda nasu ya mutu.