Kalangu na magana, lasifika na toshe masa baki

Daga Jega zuwa Aliero, ko ka bi hanyar Yawuri ka sauka Maiyama, da wuya a yi biki ko wasan dambe bayan kaka ko taron siyasa ba a ɗauko mai lasifika ba. Tun kafin makaɗa su iso ya jera akwatunansa, ya tayar da janareta, ya shimfiɗa wayoyi. Ma'auni ɗaya ake auna aikinsa da shi, wato a jiyo shi har bayan gari. Ba mai tambayar abin da aka jiyo. Mawaƙi da 'yan amshi su sami makirufo biyu ko uku, makaɗa kuwa a kafa musu ɗaya a tsakiya, in ma an tuna da su. Sai ka ji kalangu uku sun narke sun zama ƙara guda, kamar ana bugun buhun gero.

Asarar da ke cikin wannan ta wuce ta daɗin kunne. Hausa harshe ne mai karin sauti: kukan yaro da kukar miya haruffansu kusan ɗaya, hawa da saukar murya ke raba su. A kan wannan kalangu ya ginu. Makaɗi yakan matse tsarkiya a hammata fata ta ɗaure, sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, da haka yake furta taken ɗan dambe ko na mahauci, mai take kuma ya ji an kira shi ba tare da wani ya buɗe baki ba. Idan makirufo ya kama dukan makaɗi kaɗai ya bar wannan hawa da sauka, to an cire wa kalangu harshe an bar masa ƙara.

Ƙasar nan ba baƙuwar kiɗa ba ce. Daga Fagada ta ƙaramar hukumar Maiyama marigayi Muhammadu Gambu ya fito, wanda aka sani da waƙar ɓarayi, kuma komai ra'ayin mutum game da jigon waƙoƙinsa, kaset ne ya sa masu nazarin adabin baka suke da abin saurare a yau. Kaset ya tafi, wayar hannu ta gaje shi. Yawancin abin da ake ɗauka a filin wasa yanzu ba daga jikin ganga ake ɗaukarsa ba, daga bakin lasifika ne. Ke nan duk ɓarnar da mai lasifika ya yi a daren biki ita ce za ta zauna a Facebook da WhatsApp, ita ce kuma jikokinmu za su ɗauka kiɗan kakanninsu ne.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Makirufo iri biyu ne a hannun masu wannan sana'a. Akwai mai maganaɗisu, wanda ba ya bukatar wuta kuma yana jure duka mai ƙarfi. Shahararren misalinsa shi ne SM57 na kamfanin Shure na Amurka, wanda ya fito a 1965 kuma har gobe ana sa wa ganguna shi a duniya, ko da yake jabunsa ya cika kasuwa. Akwai kuma mai kaifin ji, wanda yawanci sai na'urar haɗa sauti ta ba shi wuta bolt 48 kafin ya yi aiki. Na biyun ya dace da ɗakin ɗaukar sauti, ko da kayan kiɗa masu sanyin murya kamar shantu. A fili, cikin ƙura da ihu, na farkon ne abokin tafiya.

Sai wurin ajiye shi, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Ganga mai zama wuri ɗaya, a kafa mata makirufo a gefen baki, tazarar yatsu uku ko huɗu daga fata, a karkata shi ya dubi tsakiya, nesa da hanyar makaɗi. In an manna shi da fata, kaurin sauti zai yi yawa ya rufe sauran. Kalangu kuwa ba ya zama, domin mai shi yana tafiya, yana juyi, yana bin wanda yake yi wa kiɗa. Ko dai a maƙala masa ƙaramin makirufo a bakin da ake bugawa, ta yadda ba zai taɓa tsarkiya ba, ko a ja na tsaye baya kamar kamu ɗaya, a roƙi makaɗin ya riƙa dawowa gabansa idan zai yi take. Kotso, ganga irin ta Narambaɗa da Ɗanƙwairo, da hannu ake kaɗa shi kuma gindinsa a buɗe yake, saboda haka muryar yatsu tana sama, kaurin yana fita ta ƙasa. Mai makirufo ɗaya ya zaɓi sama.

Idan makirufo sun yi yawa, a raba su. Ƙa'idar masana ita ce tazarar da ke tsakanin biyu ta ninka tazarar kowanne daga gangarsa sau uku, in ba haka ba sautin ɗaya ya riƙa cinye na ɗaya. Wannan ƙugi mai tsaga kunne da muka ɗauka dole ne a kowane taro, ba dole ba ne: makirufo ne ke jin lasifika, lasifika ta maimaita, shi kuma ya sake ji. A sa akwatunan gaba da makaɗa suna kallon jama'a, maroƙi kuma ya daina dunƙule kan makirufo da tafin hannu. Jar fitila a kan na'urar haɗa sauti ba ado ba ce, gargaɗi ce cewa sauti ya fara tsagewa, kuma abin da ya tsage wajen ɗauka ba ya ɗinkuwa daga baya.

Kulawa da kayan ita ce ta fi sauƙi, ita aka fi wofintarwa. Ƙurar hunturu na toshe ragar kai, laimar damina na sa tsatsa. A kwance ragar a wanke da ruwa da sabulu, ta bushe sarai kafin a mayar. A daina gwaji da hura iska ko ƙwanƙwasa da yatsa, magana ta isa. A bari janareta ya daidaita kafin a kunna kaya, na'urar ƙara sauti ta zama ta ƙarshen kunnawa kuma ta farkon kashewa.

Ban ɗora wa masu lasifika laifin su kaɗai ba. Yawancinsu a wurin ubangida suka koya, shi ma bai taɓa samun wanda ya nuna masa ba, kuma mai biki da ya biya kuɗi ƙara yake so. Amma ga jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero tun 2006, tsakanin gonakin albasa, da malamai da ɗaliban da suka san yadda sauti ke tafiya. Horon kwana biyu da Hausa ga masu haya da lasifika na waɗannan ƙananan hukumomi uku ba zai ci wani kuɗi ba, musamman in an gayyato makaɗan da gangunansu domin a gwada a gabansu. Su ma makaɗan suna da haƙƙin su ƙi fara wasa sai an ba su minti goma, kowa ya buga tasa shi kaɗai, shugaban kiɗa ya koma cikin 'yan kallo ya saurara.