Gasar Gem A Filin Wasanni: A Buɗe Ƙofa, Amma A Bar Bindiga A Waje

Kwanakin baya wata 'yar gardama ta tashi a ƙaramar tashar rediyon da nake aiki, na kuwa ga ya dace in kawo ta gabanku, tun da ku 'yan kasuwa ku ne ke biyan kuɗin tallar da ke riƙe da shirye-shiryenmu. Wasu samari ne daga nan Jabal Awliya suka zo suna roƙon a ba su minti goma a filin wasanni, domin a riƙa sanar da sakamakon gasar ƙwallon da suke yi a shagon gem, wato ƙwallon nan da ake bugawa a talabijin da na'urar PlayStation. Da labari ya kai kunnen wani Alhaji mai ɗaukar nauyin shirin, sai ya kira ni ya ce, "Malam, in kuka sa wannan shiriritar ku cire tallata. Yaron da ya zauna yana danne-danne, ko gumi bai yi ba, shi ne ɗan wasa?"

Na girmama maganar Alhaji, na kuma san da yawa daga cikinku, daga Galabat zuwa Adre, daga Jibiya zuwa Illela da Maigatari, haka za ku ce. Amma a nawa ra'ayin ya kamata a ba yaran nan fili, bisa sharuɗɗa. Ga dalilaina.

Da farko mu duba halin da yaran ke ciki. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 harkar ƙwallo ta watse a Khartum. Hilal da Marikh, manyan ƙungiyoyin Omdurman da muka taso muna gardama a kansu, sai da suka tafi Muritaniya suka buga gasar ƙasar a kakar 2024 zuwa 2025, daga nan suka koma Ruwanda. Ko ranar da 'yan wasan Sudan suka lallasa Gana da ci 2 da nema a watan Oktoban 2024, a Bengazi ta Libiya aka yi wasan. Garinmu kuwa, mai madatsar ruwan da aka gina a 1937, ya faɗa hannun dakarun RSF a watan Nuwamban 2023, sojoji ba su karɓe shi ba sai a watan Maris na 2025. To, yaron da yaƙin nan ya riska yana ɗan shekara 12, ina ya ga filin wasa? Ɗan akwatin nan da ake kunnawa da hasken sola shi ne ya zame masa fili. In ya shirya gasa da abokansa, da ƙa'ida da alƙali da gwani, sannan ya zo gidan rediyo da ladabi yana neman a ambaci sunansa, ni ban ga hikimar korarsa ba.

Sai batun gumi. Idan gumi ne ma'aunin wasa, ina za mu kai dara, wadda iyayenmu ke yini a gindin bishiya suna gwada basira da ita, har a yi wa gwani kirari? Hukumar wasannin Olamfik ta duniya ta amince da darar Turawa a matsayin wasa tun 1999. A gasar ƙasashen Asiya da aka yi a birnin Hangzhou na Sin a 2023 an raba lambobin zinariya a wasannin gem kamar yadda aka raba a guje-guje. A 2018 wani matashi ɗan Saudiyya, Musa'id Aldosari, ya ci kofin duniya na ƙwallon gem a Landan, ya tashi da dala 250,000. A gasar da aka yi a Riyad a 2024 kuwa, kuɗin da aka ware na kyaututtuka sun haura dala miliyan 60. Haka nan lokacin da cutar korona ta tsayar da ƙwallo a 2020, 'yan wasan Firimiyar Ingila sun kara da juna a gem, tashar Sky ta nuna wasan ƙarshe, marigayi Diogo Jota ya yi nasara. Ba wai na ce su ma manyan sun gama daidaitawa ba ne, domin yarjejeniyar da hukumar Olamfik ta ƙulla da Saudiyya a 2024 kan shirya gasar gem ta wargaje a 2025. Amma dai abin ya wuce a kira shi wasan yara.

Wani abokin aikina ya ce to ta yaya rediyo zai kawo abin da sai da ido ake ganinsa? Na ce masa ai tun da aka buɗe Rediyon Omdurman a 1940 babu mai sauraron da ya taɓa ganin ƙwallo ta cikin akwatin rediyo. Bakin mai sharhi shi ne idon mai sauraro. Wanda ya iya kawo wasan Hilal da Marikh zai iya kawo na gem, tun da 'yan wasa 11 ne kowane ɓangare, da raga da bugun kusurwa.

Inda na tsaya tare da Alhaji shi ne a kan wasannin harbe-harbe irin su PUBG, wanda ya cika wayoyin samarinmu. Wannan kam bai dace da filin wasanni ba, musamman a ƙasar da yara suka kwana suna jin ƙarar bindigar gaske, wasu ma da hannunsu suka binne 'yan uwansu. Ba zan iya buɗe baki a rediyo in ce wane ya kashe mutum 15 ya zama zakara ba, alhali uwar da ta rasa ɗanta tana saurare. Ba ni kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. A 2018 shugaban hukumar Olamfik na lokacin, Thomas Bach, ya nuna cewa wasannin kisa sun saɓa wa manufar Olamfik. A Hangzhou ma sai da aka sauya fasalin PUBG, aka cire harbin mutum aka mayar da shi harbin bara, kafin a shigar da shi gasa.

Bugu da ƙari akwai sharuɗɗa uku. Na ɗaya, babu caca. Duk gasar da ake zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, ko wadda kamfanin caca ke ɗaukar nauyinta, kada a ambace ta. Na biyu, a kiyaye lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, saboda haka gasa ta zama ranar hutu, a tsaya lokacin salla, a kuma hana ɗan makaranta da yaron shago shiga a lokacin karatu ko aiki. Na uku, kada baƙo ya kori ɗan gida. Minti goman nan kada a yanko su daga kason kokawa da dambe da langa, ko na ƙananan ƙungiyoyin unguwa da ke fafutukar sake tashi. A ƙara wa shirin lokaci, gem ya zo a ƙarshe.

'Yan uwa 'yan kasuwa, mu gaya wa juna gaskiya. Wayoyin nan da caja da batir da faifan sola da yaran ke wasa da su, a rumfunanku ake sayensu, ku ke tsallako da su kan iyaka. Ba daidai ba ne mu ci ribar kayan sannan mu juya wa masu amfani da su baya. In kun janye tallarku ba za a daina buga gem ba, sai dai a ci gaba da bugawa a ɗaki mai duhu inda babu babba, kuma mai caca yana nan yana jira ya cike gurbin da kuka bari. In kuwa kuka sa kuɗinku, to bakinku ya shiga, ku ne za ku ce ga wanda za a sa, ga wanda ba za a sa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na koma wajen Alhaji da waɗannan sharuɗɗa a rubuce. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai ce in turo masa shugaban samarin su zauna. Allah Ya sa su daidaita, Ya shirya mana zuriya, Ya kuma dawo wa Sudan da zaman lafiya, amin.