SHARHI: Ba Kowane Tabo Ne Tawadar Allah Ba

'Yan uwanmu masu neman abinci a Legas, Ibadan da Fatakwal, yau muna so mu ja kunnenku game da wata cuta mai shigowa a ɓoye, wato ciwon daji na fata.

Mutane da yawa sun ɗauka cutar Turawa ce. Ba haka ba ne. A jikin baƙar fata irin namu, mafi muninta yakan fito a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, inda mutum zai ce ai kanta ce, ko tuntuɓe ya yi. Haka ta yi wa mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley. A 1977 aka ga tabo a ƙarƙashin farcen ƙafarsa, aka fara zaton raunin ƙwallo ne. Ya rasu a 1981 yana da shekara 36.

To, yaya za a gane ta? Tawadar Allah ta gaskiya tana zaune yadda take. Amma tabon da ke ƙara faɗi, ko ya canja launi, ko gefensa ya karkace, ko ya riƙa zubar da jini, wannan abin tsoro ne. Haka kuma tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya buɗe ya ƙi warkewa, musamman in kaluluwa ta biyo baya. 'Yan uwanmu zabiya sun fi kowa shiga haɗari, domin rana na cin fatarsu. Su riƙa sa malafa da riga mai dogon hannu.

A nan Karu, kamar a Sabo da Agege, al'adarmu ita ce a kai wa wanzami ya yanke, ko a sayi man shafawa a kemis, ko a ce jifa ne. Yankan wanzami ba ya cire saiwar cutar, sai dai ya ɓata lokaci. Likita ne zai ɗebi ɗan nama a auna, a san gaskiya.

Na Abuja su fara da Babban Asibitin Karu, in ta kama a tura su Asibitin Ƙasa. Na kudu ga asibitin koyarwa na Idi-Araba da na Ibadan. Kada ɗan dako ko mai gadi ya ce sai ya koma gida da Salla. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Muna roƙon sarakunan Hausawa da limamai su isar da wannan saƙo ga jama'a. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.