Jarumin da ake wankewa a babin ƙarshe

Yarinya 'yar shekara shida ta laɓe a lungun ajiye tufafi, tana jin ƙarar bindiga a cikin gidansu. An harbe ubanta, an harbe uwarta, kukan jaririyar ƙanwarta ma ya ɗauke. Ita kuwa ta ƙi motsi, saboda ubanta ya sha gaya mata cewa duk ranar da masifa ta zo, jaruman birni za su zo su cece su. Ta jira, ba wanda ya zo. Da haka Marissa Meyer ta buɗe littafinta Renegades, wanda ya fito a 2017, na farko a jerin littattafai uku da ta rubuta wa matasa. Yarinyar, Nova Artino, ta tashi a hannun ɗan'uwan ubanta, Ace Anarchy, mutumin da duk birnin Gatlon ke kira shugaban miyagu. Bayan shekara goma sai ga ta da bindiga a kan rufin bene, tana auna babban jarumin birnin a ranar bikinsa.

Tun da wuri in faɗa wa mai karatu: zan tona ƙarshen wasu labarai a nan, domin ƙorafin nawa a ƙarshen labaran yake.

Irin waɗannan littattafai na jarumai masu baiwar ban mamaki, masu tashi sama da masu narkar da ƙarfe, yanzu tallarsu ɗaya ce. Ana ce wa matashi zamanin fari fat da baƙi ƙirin ya wuce, a nan zai tarar da mugu mai hujja da jarumi mai tabo, shi zai yanke wa kansa hukunci. Masu sharhi suna yaba wannan, suna cewa an daina raina hankalin yara. Ni kuwa na karanta da dama daga cikinsu, kuma abin da na gani shi ne ciniki ne na algus. Ana ɗora wa matashi tambaya mai nauyi a babin farko, a bar shi ya yi ta dakonta shafi ɗari huɗu, sannan a babin ƙarshe marubuci ya lallaɓo ya zare ta, ya ce ai dama ba tambaya ba ce, rashin fahimta ne.

A duba yadda Meyer ta yi. Ƙarar da Nova ta shigar a kan jarumai ƙara ce mai ƙarfi. Kafin zamanin Ace, masu baiwa abin farauta ne, ana tsangwamarsu ana kashe su. Shi ya tayar da bore, gwamnati ta rushe, aka shekara ashirin ba doka. Jaruman da suka kayar da shi suka kafa majalisa ta mutum biyar, suka zama su ne gwamnati, su ne 'yan sanda, ba tare da kowa ya zaɓe su ba. Nova ta lura cewa talakawan birnin sun zama cima-zaune, komai sai su ɗaga kai sama suna jiran mai ceto. A littafi na biyu, Archenemies, majalisar ta fito da wani sinadari, Agent N, wanda ke zare wa mutum baiwarsa har abada, aka gwada shi a kan wani fursuna a gaban taro, aka kuma shirya danƙa shi ga 'yan sintiri su yi amfani da shi a kan titi. Ke nan mai kamu shi ne alƙali, shi ne mai zartarwa. Duk wanda ya taɓa zama a garin da 'yan sa-kai suka fi ƙarfin kotu ya san ƙarshen wannan hanya. Ya kuma san cewa mutanen da suka fara ta galibi ba miyagu ba ne, mutane ne da aka kashe wa 'yan'uwa hukuma ba ta zo ba. Har zuwa nan, littafin yana tsaye a kan gaskiya mai ɗaci.

Sai littafi na uku, Supernova, ya zo a 2019. A nan aka bayyana cewa Ace da kansa ne ya sa aka kashe iyayen Nova. Aka kuma bayyana cewa jaruman ba su yi watsi da gidan ba: wadda aka ɗora wa tsaronsu, Lady Indomitable, an kashe ta ne a daren. To, me ya rage na ƙarar Nova? Ashe mugun da birni ke kira mugu, mugun ne. Ashe jaruman da ta zarga da cin amana, sun yi iya yinsu. Maganar majalisar da ba a zaɓa ba, da maganar sinadarin da ake ɗura wa mutum ba shari'a, duk suka narke cikin ƙurar yaƙin ƙarshe. Yarinyar da ta shekara goma tana tambayar wa ke tsare mu daga masu tsaronmu, aka ba ta amsa cewa kawunta maƙaryaci ne. Gaskiya ne maƙaryaci ne. Amma ƙaryarsa ba ta halatta Agent N ba, kuma littafin ya yi kamar ta halatta, ko aƙalla ya sa mai karatu ya manta.

Brandon Sanderson ya bi ta wata ƙofa ya faɗa rami ɗaya. A Steelheart, na 2013, wani abu mai kama da jan tauraro ya bayyana a sama, wasu mutane suka sami ƙarfin ban mamaki, kuma kusan dukkansu suka zama azzalumai. Yaron da ke ba da labarin, David, yana da shekara takwas aka kashe ubansa a gabansa cikin banki. Ya girma ya shiga ƙungiyar masu farautar waɗannan ƙarfafa. Tunanin da ke ƙarƙashin labarin tsoho ne kuma mai kyau: iko yana lalata mai riƙe da shi. Sanderson ya ƙara masa gishiri da ya sa shugaban ƙungiyar, Prof, shi ma mai baiwar ne a ɓoye, yana kaffa-kaffa da ita don ya san abin da take yi wa zuciya. A ƙarshen littafi na biyu Prof ya yi amfani da ƙarfinsa don ya ceci birni, ƙarfin ya rinjaye shi, ya kashe mutanensa da hannunsa. Wannan wuri ya girgiza ni lokacin da na karanta shi.

A littafi na uku, Calamity, na 2016, sai aka ce mana wannan duhu da ke shiga zukatan masu baiwa ba daga gare su yake ba. Tauraron nan wata halitta ce daga wata duniya, mai ƙyamar bil'adama, ƙyamarta ce ke malalowa cikin duk wanda ta bai wa ƙarfi. Wato dai Prof shigarsa aka yi. Masu karanta littattafan soyayya namu na Hausa sun san wannan dabara sarai: miji ya shekara biyar yana gasa wa matarsa aya a hannu, a babi na ƙarshe a tono laya a ƙarƙashin murhu, a ce kishiya ce ta yi masa asiri, ya fashe da kuka, a yafe masa. Bambancin kawai shi ne bokan Sanderson a sararin samaniya yake zaune.

Ko a Japan haka abin yake. My Hero Academia na Kohei Horikoshi, labarin zane da ya gudana a mujallar Shonen Jump daga 2014 zuwa 2024, ya ba mu Shigaraki, yaron da baiwarsa ta hallaka danginsa, ya yi ta gararamba a titi cikin jini, manya suna ratse shi suna cewa wani jarumi zai zo ya kula da shi. Wannan tuhuma ce a kan al'umma gaba ɗaya, kuma ta zauna daram. Can kusa da ƙarshe sai aka ce babban mugu, All For One, shi ya kitsa rayuwar yaron tun daga tushe, har baiwar ma shi ya dasa masa. Mun dawo gidan jiya: ba a mugun sarki, sai mugun bafade.

Abin yana da asali. A 1954 kamfanonin littattafan zane na Amurka, bayan an yi musu caa cewa suna lalata tarbiyyar yara, suka kafa wa kansu hukumar tacewa. Cikin dokokinta akwai cewa dole nagarta ta yi nasara a kowane labari, dole mai laifi ya sha hukunci, kuma ba a yarda a nuna ɗan sanda ko alƙali ko jami'in gwamnati ta hanyar da za ta jawo wa hukuma raini ba. Hukumar ta yi ta rauni har ta mutu a 2011. Amma a ganina marubutan matasa na yau suna bin dokarta ta uku ba tare da kowa ya tilasta musu ba. Abin da suka ƙara kawai shi ne hawaye. Mugun 1954 ba shi da uwa ba shi da uba, daga sama ya faɗo da dariyar ƙeta. Mugun yau maraya ne, an zalunce shi, muna tausaya masa, sannan a kashe shi kamar yadda aka kashe kakansa, hukuma kuma ta koma kujerarta da 'yan gyare-gyare.

Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar tausayi a matsayin zurfi. Ba wa mugu tarihin ƙunci abu ne mai arha, ba ya cin marubuci komai, domin bai taɓa jarumi ba. Abin da ke da tsada shi ne a bar hujjar mugu ta tsaya da ƙafarta har bayan an kayar da shi, a kuma bar laifin jarumi ya zama nasa, ba na aljani ko na maƙarƙashiyar wani ba. Shi ya sa za ka ga da zarar hujjar mugu ta fara ƙarfi, sai marubuci ya sa shi ya aikata wani abin ƙyama da bai da alaƙa da hujjar. Wanda ya kalli fim ɗin Black Panther na 2018 ya ga yadda aka yi da Killmonger: yana cikin tambayar me ya sa Wakanda ta naɗe hannu ana bautar da baƙar fata, sai aka sa ya harbe budurwarsa, ya shaƙe wata dattijuwa, don kada 'yan kallo su yi nisa da shi.

Za a ce ai littattafan yara ne, dole a ba su ƙasa mai tauri su taka a ƙarshe. Ban yarda ba. Ɗan shekara goma sha biyar ya riga ya ga malamin da ke koyarwa da kyau kuma yana dukan zalunci, ya ga yayan da ke ciyar da gida kuma yana cin zalin ƙanne. Ba a littafi zai fara haɗuwa da mutum mai fuska biyu ba. Mu ma da aka rena da tatsuniyar Gizo, ba a taɓa ce mana asiri aka yi masa ya sa yake cutar Ƙoƙi ba. Halinsa ne, muna dariya muna kuma gane cewa cuta ce. Wanda ake karewa da wannan wanki na babin ƙarshe shi ne babban da ya rubuta littafin, wanda ya tayar da tambayar da shi kansa yake tsoron amsarta, da kuma kamfanin da ke son jarumin ya fita fes don a sake sayar da shi.

Ana iya yin abin daidai, kuma an yi. Horikoshi ɗin nan da na zarga, shi ne kuma ya rubuta Endeavor, jarumi na biyu a ƙasa wanda daga baya ya zama na ɗaya, wanda ya auri mace don baiwar da za ta haifa masa, ya gallaza wa 'ya'yansa har ɗaya ya zama mai kisa. Babu wanda ya yi masa asiri. Ya ceci dubban mutane, ya kuma rusa gidansa, duka biyun nasa ne. Ya tuba, ya yi ta neman gyara, amma ɗansa Natsuo ya ƙi yafe masa, ya yanke hulɗa da shi, labarin kuma bai ce Natsuo ya yi laifi ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne Nimona na ND Stevenson, wanda ya fara a intanet a 2012, ya fito a littafi a 2015. Ballister Blackheart shi ne wanda hukumar jarumai ta ƙasar ta laƙaba wa sunan mugu, alhali mutum ne mai ƙa'ida, ba ya son kisa. Hukumar kuwa tana tara guba a ɓoye. Da labarin ya tsaya nan, da an juya riga ne kawai, fari ya koma baƙi. Sai ga Nimona, yarinya mai rikiɗa, ta zo ta ce ita 'yar korensa ce. Tana da ban dariya, tana da shiga rai, kuma tana kashe mutane da gaske, ba ta damu ba. Da Ballister ya tambaye ta asalinta, ta ba shi labari mai taɓa zuciya, na 'yar ƙauye da wata mayya ta bai wa baiwa. Ya yarda, mu ma muka yarda, domin irin labarin da aka saba ba mu ke nan. Daga baya ya gane ƙarya ta shirga masa. Ainihin abin da ya same ta ya fi wannan muni, an tsare ta an yi ta gwaje-gwaje a jikinta, amma littafin bai ɗauki wannan ya goge gawarwakin da ta bari ba. Ballister yana ƙaunarta kamar 'yarsa, kuma shi ne ya ɗauki makami ya tare ta lokacin da ta tasar wa birni. Hukumar ta faɗi saboda laifinta na kanta. Nimona ba ta tuba ba, ba a kuma kashe ta don a huta ba. A shafukan ƙarshe Ballister ya hango ta cikin taron mutane, kafin ya isa wurin ta ɓace, bai sami damar ce mata komai ba.