Balaraba Ramat da labarin da ba a rubuta ba a Kafanchan

A shekarar 1987 wata mata a Kano, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana 'yar shekara 13, ta fitar da littafinta na farko, Budurwar Zuciya. Ita ce Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed. A watan Maris na wannan shekarar ne kuma rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa. Daga nan zuwa rikicin Zangon Kataf a 1992, zuwa tarzomar bayan zaɓen 2011 da ta cinye kasuwar Kafanchan, yawancin abin da aka rubuta kan Kudancin Kaduna rahoto ne: gawa nawa, gida nawa, laifin wa. Matar da ta wayi gari ba miji ba jari, ga yara suna kallon tukunya, da wuya ta samu layi biyu a ciki.

Irin wannan matar ce Balaraba ta mayar jarumar littafi. Auren Balaraba na fari bai kai shekara biyu ba ya mutu, sai ta shiga makarantar yaƙi da jahilci, ta fito da alƙalami mai kaifi. A Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, Alhaji Abdu ɗan kasuwa ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara. Marubuciyar ba ta ɓata lokaci wajen hawaye ba. Ta bi Rabi zuwa murhu, inda take dafa abincin sayarwa, tana lissafin kuɗin cefane da na makaranta, har ta aurar da 'yarta Saudatu cikin mutunci. Da gobara ta ci shagon Alhaji, duniya ta juya masa baya, sai dangi suka taso Rabi a gaba ta koma ta yi jinyarsa. Wasu masu karatu sun ji haushin wannan ƙarshe, amma duk wanda ya taɓa zama a taron sulhun aure ya san haka ake yi.

An raina aikin, ba shakka. Masana sun laƙaba wa irinsa sunan adabin kasuwar Kano, a 2007 ma har an cinna wa tarin littattafan Hausa wuta a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Sai ga shi a 2012 kamfanin Blaft na Indiya ya buga fassarar da Aliyu Kamal ya yi wa Alhaki zuwa Turanci, Rabi ta shiga jami'o'in ƙasashen waje.

Wani zai ce wannan labarin gidan Bahaushe Musulmi ne, ina ruwan Bajju ko Atyap ko Ham na Kudancin Kaduna da shi? Da ruwansu. Kishiya ƙila ba ta kowane gida ba ce, amma mijin da ya daina ba da kuɗin cefane, da dangin da ke wawushe gona bayan rasuwar maigida, ba su tambayar coci ko masallaci. Harshen ma ba baƙo ba ne. Tun da jirgin ƙasa ya mayar da Kafanchan mahaɗa, da Hausa ake ciniki, da ita ake wa'azi. Matan Zumunta na coci, sanye da zane iri ɗaya, suna buga tulu suna rera waƙoƙin da suka tsara da kansu, su yi wa mashayin miji gugar zana a gaban fasto, coci ya ɗauki dariya. Fasahar tana nan, ba ta dai hau takarda ba.

Abin rubutawa kuwa har ya yi yawa. Cutar da ta afka wa citta a 2023 ta kassara gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko. An yi ta maganar asarar manoma da dillalai. Matan da ke zama tun safe da wuƙa suna tsaga citta, su shanya ta har ta bushe, da kuɗin nan suke zubin adashi, me suka ci a shekarar? Wace yarinya aka cire daga makaranta saboda haka?

Ba a buƙatar wani gagarumin shiri. Kwalejin Ilimin nan da yanzu take Gidan Waya, da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, suna iya sa littattafan Balaraba a gaban ɗalibai mata, su nemi kowacce ta rubuto labarin wata mata a ƙauyensu, da Hausa ko Jju ko Tyap. Kuɗin ɗab'i ma ya daina zama hujja: marubuta mata na Kano da Kaduna yanzu a WhatsApp suke sakin labari babi-babi, masu karatu na biya ta waya, gidajen rediyo kuma sun daɗe suna karanta irin waɗannan littattafai ga matan da hannunsu ke cikin aiki.