Remita da Asusun Bai-ɗaya: Gwamnati 'yar haya ce a kan hanyar kuɗinta

Rukunin gidajen 'yan majalisa da ke Apo na gwamnati ne tun asali, kafin gwamnatin Olusegun Obasanjo ta sayar da su. Wanda ya saya ya san iyakar abin da ya mallaka, domin akwai takarda, akwai katanga. Manhajar kwamfuta ba ta da katanga, kuma a nan ne Majalisar Tarayya ta daɗe tana tuntuɓe duk lokacin da batun Remita ya taso. Hadiman da ke shirya wa iyayen gidansu takardun zaman kwamiti sun fi kowa sanin yadda zancen yake komawa inda ya faro.

Remita manhaja ce ta kamfanin SystemSpecs, wanda John Obaro ya kafa a Legas a 1992. Lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya umarci ma'aikatu da hukumomi su kwashe kuɗaɗensu daga bankunan kasuwanci zuwa Asusun Bai-ɗaya, TSA, kafin 15 ga Satumba, 2015, ta wannan manhaja kuɗin suka bi zuwa Babban Bankin Najeriya, CBN. Yarjejeniyar da ke ƙasa ta tanadi la'adar kashi 1 cikin 100: rabi na kamfanin, kashi 40 na bankuna, kashi 10 na CBN.

A Nuwamba 2015 Sanata Dino Melaye ya gabatar da ƙudiri a Majalisar Dattawa, yana zargin an kwashi Naira biliyan 25 da sunan la'ada. Kamfanin ya musanta wannan adadi. CBN kuma ya riga ya umarci a mayar da abin da aka cira, kamfanin ya mayar. Daga Nuwamba 2018 aka koma ƙayyadadden kuɗi, Naira 150 da harajin VAT, kuma mai biya ne ke ɗaukar nauyinsa. Ɗalibin da ke biyan kuɗin makaranta da ɗan kwangilar da ke sayen takardar neman aiki su suka gaji lissafin.

An yi hayaniya a kan kaso, amma ba a tsaya sosai a kan tambayar da ta haifi kason ba: nawa aka kashe wajen ƙera manhajar, kuma wa ya kashe? Hujjar kamfani irin wannan ita ce ya yi shekaru yana zuba jarinsa a bincike da gwaji, yana biyan injiniyoyi, tun kafin ya san ko gwamnati za ta waiwaye shi. Hujja ce mai nauyi. Sai dai ƙa'idar lissafi ta duniya, wadda Najeriya ta fara bi a 2012, ta raba wannan kashe-kashe gida biyu. Kuɗin bincike ana rubuta su a matsayin abin da aka kashe a shekarar, sun tafi ke nan. Kuɗin ƙera abin da aka tabbatar zai yi aiki kuma ya kawo riba ana iya rubuta su a matsayin kadara, a riƙa rage darajarta shekara-shekara. Inda bincike ya ƙare ƙira ta soma, shugabannin kamfani da masu binciken littattafansa ne ke shata layin. SystemSpecs ba ya cikin kasuwar hannun jari, saboda haka ba ya fitar da rahoton kuɗi ga jama'a kamar yadda bankuna ke yi. Sashe na 85 na kundin tsarin mulki ya ba Odita-Janar ikon binciken asusun gwamnati, bai buɗe masa littattafan ɗan kasuwa ba. Kwamitin da bai ga wannan lissafi ba, ciniki yake yi a duhu: ba zai iya cewa kashi 1 ya yi yawa ba, ba zai iya cewa Naira 150 ta yi kaɗan ba.

Sai batun mallaka. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta lissafa manhaja cikin ayyukan rubutu da doka ke karewa. Kamfanin da ya ƙera kayansa da kuɗinsa shi ke da asalin rubutun manhajar, gwamnati amfani kawai take yi. Wannan ba aibu ba ne. Ma'aikatu da yawa na biyan Microsoft da Oracle kuɗin lasisi da dala ba tare da an kira zaman gaggawa ba, kuma akwai rashin adalci idan kamfanin gida kaɗai ake tuhuma don ya ci riba. Amma ɗan haya mai hankali yakan san wa'adin tashi da abin da zai fita da shi. Bayanan kowace Naira da ta shiga asusun, na wane ne? In kamfanin ya durƙushe ko aka sayar da shi, akwai kwafin asalin rubutun a hannun wani amintacce? Kwana nawa za a ɗauka a koma wata manhaja ba tare da kuɗin shiga sun tsaya ba?

A Maris 2025 Ofishin Akanta-Janar ya fito da sabon tsari mai suna TMRAS, aka yi ta yaɗa cewa an sallami Remita, har ofishin ya fito ya ce ba haka ba ne, za a haɗa ta ne da sauran kamfanonin biyan kuɗi. Buɗe ƙofa ga masu gasa zai iya sauke farashi. Amma sabon tsarin ma wani ne ya ƙera shi, kuma sashe na 88 da na 89 sun ba kwamitocin majalisa ikon neman takardar yarjejeniyarsa, su karanta sakin layin da ya ambaci mai haƙƙin mallaka, da wanda ya fayyace yadda aka yanke farashi.